Torent ɗina ya maƙale a 98.7% kuma data na ta zuba, me ke faruwa?

Auta: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilmin abin nan ku taimaka min. Kwana uku kenan ina sauke wasu darussa na bidiyo da wani malami ya saki kyauta tun shekarun baya, shafin da ya sa su ya mutu, yanzu sai ta torent kawai ake samu, girmansu giga 4 ne. Ranar farko gudu yake sosai, rana ta biyu ya rage, yau kuma ya tsaya cak a 98.7% ko motsi ba ya yi. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne na duba ƙasa na ga wai ni na tura giga 6 da wani abu. Ni da na zo karɓa, wa na tura wa? Ko kutse aka yi min ne?

Gaskiya Ɗaci: Wa alaikumussalam. Ba kutse ba ne, haka abin yake. Ka shiga saitin ka kashe turawar kawai ka huta, ni haka nake yi, da ya cika ɗari in goge shi daga manhaja shi ke nan.

Injiniya: Wa alaikumussalam ƙanina, kwantar da hankalinka babu wanda ya taɓa maka kwamfuta. Amma kafin ka bi shawarar Gaskiya Ɗaci bari ka fara gane abin da kake ciki, don matsalarka ta 98.7% da shawarar tasa uwarsu ɗaya.

Daunlod ɗin da muka saba, akwai saba, wato babbar kwamfuta guda ɗaya, can tana riƙe da fayil, kowa ya je wajenta ya karɓa. In mutum goma ne lafiya lau, in suka kai dubu hamsin a lokaci guda sai ta durƙushe, kuma mai sabar shi ke ɗaukar nauyin duk abin da ya fita. A torent babu wannan sabar. Fayil ɗin yana kan kwamfutocin mutane irinka. Ana yanka shi gunduwa-gunduwa daidai wa daida, a ce kowace gunduwa mega 2, ka ga giga 4 ɗinka ya zama gunduwa wajen 2,000 kenan. Manhajarka ta karɓo ta 17 wajen wani, ta 940 wajen wani daban, ta 1,502 wajen na uku, duk a lokaci ɗaya. Kuma da zarar gunduwa ɗaya ta kammala a wajenka, sai manhajarka ta sanar da sauran cewa ni ma ina da ita, mai so ya zo. To giga 6 ɗin da ka gani ke nan, mutanen da ke neman darussan nan ne suka kwasa a wajenka, kamar yadda kai ma kashi 98 ɗin da ke hannunka a wajen wasu ka kwasa.

Auta: Ikon Allah. To shi ɗan fayil ɗin da na fara saukewa mai .torrent a ƙarshe fa, wanda bai kai ko mega ɗaya ba, mene ne a cikinsa?

Hajiya Mai Lissafi: Injiniya bari in karɓe ka a nan, wannan ɓangaren ne ya fi burge ni a duk tsarin. Auta, babu ko sakan ɗaya na bidiyo a cikin ɗan fayil ɗin nan. Abin da ke ciki sunayen fayilolin ne da girman kowanne, da girman gunduwa, da adireshin tiraka, wato sabar da ke haɗa masu saukewa da juna, sai kuma wani dogon jeri na abin da ake kira hash, ɗaya ga kowace gunduwa.

Hash kamar zanen yatsa ne. Akwai wani lissafi mai suna SHA-1, ko me ka zuba masa, ƙarami ko babba, zai fito maka da lamba mai tsawon bayit 20. In ka canza ko ɗigo ɗaya a abin da ka zuba, lambar da za ta fito ta sauya gaba ɗaya, ba ta ko kama da ta farko. To gunduwa 2,000 sau bayit 20, ka ga bayit 40,000 kenan, wato kilobayit 40 kacal, shi ya sa fayil ɗin yake ɗan mitsitsi.

Amfaninsa kuwa, ai ba ka san mutanen da ke turo maka ba, wani yana wata nahiya ma, wani diski ɗinsa ya lalace, wani kuma mugu ne da gangan yake turo shara. Duk gunduwar da ta iso sai manhajarka ta lissafa hash ɗinta ta gwada da wanda ke cikin jerin. Ya yi daidai ta ajiye, bai yi ba ta zubar ta nemo wajen wani, in mutum ya cika turo gurɓatacciya ta toshe shi. Ka ga ba ka buƙatar yarda da kowa a cikinsu, lissafi ne ke tsaye a tsakaninku.

Ɗalibi: Hajiya to in haka ne duk abin da aka sauke ta torent babu bairos kenan?

Hajiya Mai Lissafi: A'a ɗana, kar ka tafi da wannan fahimtar, nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Hash yana tabbatar maka cewa abin da ya iso shi ne daidai abin da mai haɗa torent ɗin ya sa. Bai ce maka mai haɗawar mutumin kirki ne ba. In bairos ya sa tun farko, to bairos ɗin zai iso maka lafiya ƙalau ba tare da ya ragu da komai ba. Wanda ya ce bidiyo yake saukewa ya ga fayil ya ƙare da .exe ko .scr, ko an ce sai ya girka wata manhaja ta musamman kafin ya buɗu, ya goge kawai kar ya danna.

Auta: Na gode Hajiya. Nawa duk mp4 ne. Amma har yanzu ban gane dalilin tsayawar ba.

Injiniya: Yanzu za mu zo wajen. Buɗe manhajar ka danna kan torent ɗin, ka gaya min lambar da ke ƙarƙashin siid, sannan ka shiga inda ake jera mutanen da kake haɗe da su ka duba kowanne kashi nawa yake da shi.

Auta: Siid 0. Mutum 11 nake haɗe da su, takwas daga ciki duk 98.7% suke kamar ni, sauran ukun suna ƙasa, 40, 62 da 15.

Injiniya: To ka ga amsarka da idonka. Siid shi ne wanda ke da fayil ɗin cikakke ɗari bisa ɗari ya kuma bar manhajarsa a buɗe yana rabawa, mu ce masa mai iri. A taronku yanzu babu ko ɗaya. Ku tara kun kwashe duk abin da ke yawo a tsakaninku, saura gunduwa 26 ko 27 da babu wanda ke da su a cikin waɗanda ke kunne. In manhajar torent mai suna qBittorrent kake amfani da ita akwai wani layi da ke nuna yawan samuwar fayil, za ka ga 0.987, ma'ana ko an haɗa na kowa da kowa bai cika kwafi ɗaya ba. Sai lambar nan ta kai 1 abin zai iya kammaluwa.

Kuma me ya jawo haka, waɗanda suka gama kafin ku ne kowa ya cika ɗari ya rufe ya tafi. Abin da Gaskiya Ɗaci ya ce yana yi kenan.

Gaskiya Ɗaci: Injiniya da girmanka amma fa kar a ɗora min laifi. Data tawa ce, ni na saya, ba a yi yarjejeniya da ni cewa zan ciyar da mutanen da ban sani ba. Kuma maganar da ake ta yi wai in ba ka tura ba ba za ka samu gudu ba, ni ban gani ba, shekara nawa ina sauke Ubuntu, tsarin kwamfutar nan na Linux da ake rabawa kyauta, da turawa a ƙasa kuma yana cika layina taf.

Injiniya: Ban musa maka na Ubuntu ba, gaskiya ka faɗa. Torent irin na Ubuntu ko Debian masu iri sun yi yawa ƙwarai, wasunsu ma saba ce mai ƙarfi da ba ta barci, mai iri kuma ba ya buƙatar komai a wajenka don ya riga ya cika, ba ka kawai yake. Amma ka shiga taron da mai iri ɗaya ne masu nema ɗari biyu ka gani.

Bram Cohen da ya fito da BitTorrent, wato tsarin torent ɗin nan, a 2001 ya san mutane za su so karɓa ba bayarwa, sai ya gina maganin a cikin tsarin. A yadda ya tsara shi, manhajarka ba ta tura wa kowa da kowa a lokaci ɗaya, mutum huɗu take buɗe wa ƙofa, kuma tana zaɓar waɗanda suka fi turo mata da sauri ne, duk sakan 10 ta sake duba lissafi, wanda ya yi sanyi ta rufe masa ta buɗe wa wani. Ba ni in ba ka. Sai kuma ƙofa ɗaya da take buɗe wa wani haka kawai ba don ya ba ta komai ba, tana juya ta duk sakan 30. Wannan ƙofar ce ke ba sabon shiga damar samun gunduwarsa ta farko da zai fara ciniki da ita, kuma ta nan ne manhaja ke gano ko akwai wanda ya fi abokan huldarta na yanzu. Wanda ya ƙi turawa a irin wannan taron, da wannan ƙofar ta sadaka kawai zai rayu, da abin da masu iri suka jefo masa.

Gaskiya Ɗaci: To ai ka ga dai ana rayuwa.

Baffa: Ana rayuwa ɗana, amma ga Auta nan kwana uku bai gama ba. Ni abin nan yana taɓa ni don na ga yadda aka faro. Lokacin Napster, manhajar musayar waƙoƙi ta 1999, fayilolin suna kan kwamfutocin mutane amma jerin waye ke da me yana kan sabar kamfanin, shi ya sa da kotu ta matsa musu a Amurka aka rufe a 2001 komai ya tsaya rana ɗaya. Wata hanyar mai suna Gnutella ta zo a 2000 ba ta da cibiya ko ɗaya, sai dai in ka nemi abu tambayarka ta bi maƙwabci zuwa maƙwabci har layin ya cushe da tambayoyi. Kuma a Napster daga mutum ɗaya kake jan fayil, in ya kashe kwamfutarsa kana kashi 90 sai haƙuri, ga intanet ta lokacin ta waya mai ƙugi. Da BitTorrent ya zo abin da ya ba mu mamaki shi ne ya juya lissafin, da can yawan masu nema shi ke kashe gudu, yanzu yawan masu nema shi ke ƙara shi, don kowane mai nema ya zama mai bayarwa.

Turanci suna kiran wanda ke sha ba ya bayarwa da sunan matsattsaku. Ban ce kai ne ba, ka ce data ce ta yi maka tsada kuma uzuri ne na gaske. Amma abubuwa da yawa masu amfani da na sani sun ɓace daga intanet ba don an hana su ba, sai don mutum na ƙarshe da ke da su ya danna goge.

Gaskiya Ɗaci: Baffa na ji, kuma ban raina maganarka ba. Amma wanda ke kan data ta waya a bar shi ya rage, kar a sa shi jin kamar ya yi sata.

Injiniya: Wannan na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Mai ƙidayayyiyar data ya sa iyaka, mai layin da ba ya ƙarewa ya ɗauki nauyin. Sai dai gargaɗi ɗaya, a qBittorrent da wasu manhajojin in ka rubuta 0 a wajen iyakar turawa ba kashewa ka yi ba, 0 na nufin babu iyaka. Mutane da yawa sun sa sifili suna zaton sun rufe famfo ashe sun buɗe shi ne gaba ɗaya. Ka sa ƙaramar lamba kamar kilobayit 20 ko 30 a sakan. Ko mai layi mai kyau ma bai kamata ya bar turawa ta cinye hanyar fita duka ba, don saukewa ma tana buƙatar 'yar hanyar da za ta riƙa aika saƙon na karɓa, in ta toshe sai ka ga daunlod ɗin da burauza duk sun yi nauyi.

Ɗalibi: Yallabai ni tambayata, ta yaya kwamfutata ta san inda waɗannan mutanen suke tun farko? Ai duniya da faɗi.

Injiniya: Hanya uku ce. Ta asali ita ce tiraka, wata 'yar saba da ba ta riƙe fayil ko kaɗan, aikinta rajista kawai. Manhajarka ta je ta ce ga ni, ina neman torent mai lamba kaza, ga adireshina, tiraka ta rubuta ta miƙo maka adireshin wasu da ke kan abu ɗaya, yawanci kamar 50. Daga nan ta fita a maganar, ku ne za ku yi ta hulɗarku.

Ta biyu, waɗanda ka haɗu da su suna gaya maka waɗanda su suka sani, ana kiranta PEX. Ta uku ita ce DHT, wannan Hajiya ta fi ni iya bayaninta.

Hajiya Mai Lissafi: Tiraka tana da raunin Napster da Baffa ya faɗa, in ta mutu an rasa wajen haɗuwa. Sai a 2005 aka shigo da DHT, wata manhajar torent mai suna Azureus ce ta fara, sannan manhajar BitTorrent ta asali ta kawo nata, an gina su kan wani tsari mai suna Kademlia da Petar Maymounkov da David Mazières suka wallafa a 2002.

Ga yadda yake. Shi kansa torent ɗin yana da lambar shaida guda ɗaya, ana samunta ne in aka lissafa hash na ɓangaren bayanin da ke cikin fayil ɗin .torrent, tsawonta bit 160. Kowace manhaja da ta shiga DHT ita ma tana ɗaukar wa kanta lamba mai bit 160. Sai aka yi ƙa'ida cewa rajistar kowane torent tana wajen manhajojin da lambarsu ta fi kusa da lambarsa. Kusancin nan ba na ƙasa ba ne fa, na lissafi ne, mai yiwuwa wanda ya fi kusa da lambar torent ɗinka yana Brazil ko Japan kuma bai ma san me ke cikin torent ɗin ba, adireshi kawai yake riƙewa. In kana nema sai ka tambayi wanda ka sani mafi kusa da lambar, ya ce ban da shi amma ga waɗanda suka fi ni kusa, ka tambaye su su ma su tura ka gaba, kowane taki yana rage tazarar da aƙalla rabi, shi ya sa ko manhaja miliyan ce a ciki taki wajen 20 ya isa ka iso. Babu shugaba, babu ofis, babu wata na'ura ɗaya da za a kashe abin ya mutu.

Kuma daga nan magnet, wato mahaɗin da ake dannawa maimakon sauke fayil ɗin .torrent, ya samo ƙarfinsa. In ka duba mahaɗin magnet za ka ga ya fara da magnet:?xt=urn:btih: sai haruffa da lambobi 40 su biyo baya, to lambar shaidar ce. Da ita kaɗai manhajarka za ta nemo mutane ta DHT, ta roƙe su jerin hash ɗin da kansa, ta lissafa ta ga ya dace da lambar, sannan ta fara saukewa. Shi ya sa wani lokaci magnet ke daɗewa yana cewa yana neman bayanai, bai samu ko mutum ɗaya da zai ba shi jerin ba ne.

Auta: Wallahi Hajiya kamar a aji. To yanzu ni me zan yi, in goge in haƙura?

Injiniya: Kar ka goge. Na farko shiga inda aka jera fayilolin ɗaya bayan ɗaya, tunda darussa ne da yawa za ka tarar mafi yawansu sun cika ɗari, biyu ko uku ne ke da giɓi, sauran ka fara kallonsu tun yau. Na biyu ka tabbatar DHT da PEX a kunne suke, sai dai in mai haɗa torent ɗin ya sa masa alamar sirri, irin wannan tiraka kaɗai yake yarda da ita. Na uku ka danna dama ka sa ta sake binciken abin da ke kan diski, wani lokaci gunduwa ce ta lalace a wajenka. Na huɗu in ka samu wani torent daban na darussan nan iri ɗaya sak, ka nuna masa folda ɗaya ka sa ya bincika, zai gane abin da ke nan ya nemo ragowar kawai, amma ka yi kwafin foldar tukuna don in fayilolin sun ɗan bambanta zai rubuta a kansu. In duk ba su yi ba sai jira, ka sa iyakar turawa ka bar shi a kunne, musamman da dare da ƙarshen mako, mai irin yana iya kasancewa a inda ranarsu darenku ne.

Wani abu kuma, in ta data ta waya kake, galibi kamfanonin waya suna haɗa mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya, to kai kana iya ƙwanƙwasa wa wasu amma ba a iya ƙwanƙwasa maka. In mai irin ma haka yake, da wuya ku haɗu kai tsaye sai an samu na uku mai buɗaɗɗiyar ƙofa a taron. Mai rauta a gida ya kunna UPnP, saitin da ke buɗe ƙofar shigowa da kansa, ko ya buɗe ƙofar, wato fot, da hannu, yana ƙara yawan waɗanda za su same shi sosai.

Uwar Biyu: Ku yi haƙuri in shigo da wata magana. Ni tun da nake jin torent da satar fina-finai nake jin sa, ɗana ya girka a kwamfutar gida na sa ya cire. Yanzu na ga manya suna ta bayani, shin abin halal ne a doka ko kuwa?

Baffa: Uwar Biyu tambayarki a kan hanya take. Ita fasahar hanya ce ta ɗaukar kaya, kayan da aka ɗora ne ke da hukunci. Masu Linux da kansu suke sa torent a shafinsu don a rage musu nauyi. Internet Archive ta fara ba da kayanta ta torent a 2012. Kamfanin Blizzard sun daɗe suna raba sabuntawar wasan World of Warcraft ta wannan hanya, Facebook da Twitter ma sun yi amfani da ita wajen watsa sabuntawar manhajarsu zuwa dubban sabobinsu. Ko Windows 10 tana da irin wannan dabarar, kwamfutoci na karɓar sabuntawa daga junansu.

Amma ba za a ɓoye ba, kaso mai yawa na abin da ke yawo kayan mutane ne da aka ɗauka ba izini, shi ya sa sunan ya ɓaci. The Pirate Bay, wani shafin neman torent da aka kafa a Suwidin a 2003, 'yan sanda sun kai mata samame a 2006, kotu ta ɗaure mutum huɗu a kanta a 2009. Ni ra'ayina a fili yake, wanda ya zuba guminsa da dukiyarsa ya yi aiki bai ce a raba ba, kar a raba masa. Kuma a torent ba ka da damar cewa ni kallo kawai na yi, tunda kana saukewa kana rabawa ne.

Hajiya Mai Lissafi: In ƙara a kan na Baffa, Uwar Biyu ki gaya wa yaron wannan. A torent babu ɓuya. Auta ya buɗe jerin nan ya ga mutum 11, to adireshin intanet ɗinsu ya gani, su ma suna ganin nasa, dole ne don in ba adireshi ba a san inda za a kai gunduwa ba. Kamfanonin da ke farautar masu satar fasaha shiga taron kawai suke su kwashe adireshi. A Jamus lauyoyi na aika wa mutane takardar neman diyya a kan haka, Faransa kuma ta yi dokar Hadopi a 2009 mai aika gargaɗi mataki-mataki. Saitin ɓoye bayanai, wato encryption, da ke cikin manhaja ba ya ɓoye ka daga 'yan taro, an yi shi ne don kamfanin intanet ya kasa gane irin zirga-zirgar cikin sauƙi, misali an taɓa kama kamfanin intanet na Comcast a Amurka a 2007 tana katse wa masu BitTorrent haɗi. VPN kuma yana sa 'yan taro su ga adireshinsa maimakon naka, amma shi mai VPN ɗin ya san ka, ka dai mayar da amanarka wajensa ne.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai, yanzu na san abin da zan tambaye shi, me yake saukewa, ba wace manhaja ya girka ba.

Ɗalibi: Hajiya na taɓa karanta cewa an karya SHA-1, to ba matsala kenan?

Hajiya Mai Lissafi: Ka karanta daidai. A 2017 masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam sun fito da fayil biyu na PDF mabambanta masu SHA-1 iri ɗaya. Sai dai su suka ƙera duka biyun tare, bayan lissafi mai cin na'urori masu yawan gaske. Wani ya ɗauki gunduwar da wani ya riga ya saki ya ƙera mata tagwai na bogi, wannan mataki ne daban da ya fi wuya nesa. Duk da haka an yi sabon tsari, BitTorrent v2, mai amfani da SHA-256, libtorrent 2.0, injin da wasu manhajojin torent ke aiki da shi, ta fara ɗaukarsa a 2020. A cikinsa kowane fayil yana da bishiyar hash tasa, ana iya tantance ɗan yanki mai kilobayit 16 shi kaɗai ba sai gunduwa ta cika ba. Har yanzu dai tsohon ne ya fi yawa.

Auta: Jama'a albishirinku! Na bar shi a kunne kamar yadda Injiniya ya ce, na sa iyaka 30. Jiya wajen ƙarfe biyun dare wani mai ɗari bisa ɗari ya shigo, layinsa ba shi da gudu ko kaɗan, bai fi minti 40 ba ya fita, ina kallo lokacin ina 99.2 gabana ya faɗi na ce shi ke nan an koma gidan jiya. Amma sai na ga yana ci gaba da hawa ba shi, 99.5, 99.8, har ya cika. Da safe na duba mu tara duk mun zama masu iri. Ta yaya haka ta faru bayan ya tafi?

Injiniya: Alhamdulillah, goro sai ka kawo. Abin da ka gani shi ne dabarar da na fi so a duk tsarin. Manhaja ba ta bin gunduwa a jere daga ta 1 zuwa ta ƙarshe, tana duba wace gunduwa ce ta fi ƙaranci a taron ta fara neman ta. Da mai irin nan ya shigo, da a ce ku tara duk kun roƙe shi gunduwa ɗaya a jere, da zai tafi ya bar ku da uku ko huɗu iri ɗaya. Amma da ka karɓi ɗaya ta daina zama mafi ƙaranci, sai na kusa da kai ya roƙi wata daban, shi ma na gaba haka. A minti 40 ɗin ya fitar da kowace ɗaya cikin 27 ɗin aƙalla sau ɗaya, mega hamsin da 'yan kai ke nan, ta warwatsu a hannunku, da ya tafi kun riga kun haɗa cikakken kwafi a tsakaninku sai musaya ta rage.

Gaskiya Ɗaci: To ni dai na ji wannan. Auta turo min magnet ɗin ta akwati, akwai layin da nake samu marar iyaka a ƙarshen mako, zan riƙe shi can. Na waya kuwa yana nan a kulle.

Auta: Na tura Yaya. Injiniya tambaya ta ƙarshe, ina so in mayar da bidiyoyin kan diski na waje don wuri ya cika min, zai ci gaba da rabawa?

Injiniya: In ka kwashe su da hannu ko ka canza sunan foldar a waje, manhaja za ta neme su ta rasa ta nuna maka kuskure. Ka yi daga cikinta, danna dama a kan torent ɗin ka zaɓi canza wurin ajiya ka nuna mata diskin, ita za ta kwashe da kanta. Kuma ka riƙa jona diskin kafin ka buɗe manhajar, in ka manta ta nuna ja, jona shi ka sa ta sake bincike zai dawo.